Zuwa ga aminina, kan wata waƙar Jamusawa da ta tsaya min a rai

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya yara, ya jikin Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ka yafe min shirun da nayi kwana biyu, aiki ne da makarantar koyon yare suka haɗe min, ga sanyi ya shigo Berlin da ƙarfinsa, yanzu ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari yayi duhu kamar bayan isha'i.

Tun tafiyata kake tambayata wane irin kiɗa mutanen nan sukeji, kai da kake kwana gaban fiyano a situdiyo nasan ba tambayar wasa kake ba, ni kuma na kasa baka amsa saboda yawancin abinda ake sawa a rediyo da shaguna waƙoƙin Turanci ne irin wanda kuma kukeji a can. To yanzu na samu wacce zan turo maka, kuma wallahi sama da wata ɗaya kenan ban rabu da ita ba.

Sunanta Wir sind wir, ma'ana mu ne mu. Ta fito a 2004, mutum biyu ne suka haɗu suka yita, Paul van Dyk shi yayi kiɗan, Peter Heppner shi ya rera. Malamarmu ta Jamusanci ce ta samana ita a aji ana gobe hutun 3 ga Oktoba, ranar da suke tunawa da haɗewar ƙasarsu, wato Jamus ta Gabas da ta Yamma, a 1990. Ta raba mana takarda da baitocin, ta bar wasu guraben babu komai wai mu cike in munji kalmar. Na cike biyu ko uku sai na aje biro, ido na kawai akan bidiyon.

Bari in fara da kiɗan tunda shine fanninka. Duk na na'ura ne, sintesaiza da ganga ta kwamfuta, irin salon da suke kira synth pop. Shi van Dyk ɗin DJ ne babba, an sanshi da kiɗan rawa mai gudu na gidajen rawa, har mujallar DJ Mag ta zaɓe shi na ɗaya a duniya a 2005 da 2006, amma anan sai ya danne hannunsa, ya bar sautin yana tafiya a ƙasa a hankali, yana ƙaruwa kaɗan kaɗan har a zo amshi. Muryar Heppner kuma mai kauri ce, tana ɗan fita ta hanci, baya ihu baya lanƙwasa ta, kamar mutum yana baka labarin rasuwa cikin natsuwa. Ka tuna yadda kake faɗan yaran situdiyo suna cika waƙa da kaya har murya ta nutse? Anan zakaji yadda aka barma murya fili. Shi dama mawaƙin wata ƙungiya ce Wolfsheim daga Hamburg, kuma ya saba irin wannan haɗakar, a 1998 yayi Die Flut tare da Joachim Witt wacce tayi tashe sosai a ƙasar.

Abinda malama ta faɗa mana akan su biyun shi ya fara jan hankalina. Heppner ɗan Yamma ne, haihuwar Hamburg 1967. Van Dyk kuma ɗan Gabas ne, an haifeshi 1971 a Eisenhüttenstadt kusa da iyakar Poland, ya taso a Gabashin Berlin bayan katangar da ta raba birnin biyu, yana yaro yana kama tashoshin rediyon Yammacin Berlin yana naɗar kiɗa a kaset saboda faifan basa samuwa a ɓangarensu, kuma shi da mahaifiyarsa sun samu izinin fita zuwa Hamburg ana saura ƙiris katangar ta faɗi. Kaga kenan waƙar da take tambayar su waye mu, ɗan can da ɗan nan ne suka zauna suka yita.

Bidiyon kuwa, sun ɗauko tsofaffin hotuna na gaske marasa kala, sai suka saka Heppner a ciki riƙe da tsohuwar kyamara kamar shine mai ɗaukar rahoto, yana bin tarihin ƙasar tun daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Ana farawa da Berlin a rushe, ginin majalisa na Reichstag duk ya ƙone ya farfashe, ga mata sun jeru suna miƙa ma juna bokitin ɓaraguzai hannu da hannu. Waɗannan matan har suna garesu, Trümmerfrauen, matan ɓaraguzai, suna ƙwanƙwasa bulo da guduma su kankare simintin jiki don a sake gini dashi. Akwai wani tsauni a dajin Grunewald ana ce masa Teufelsberg, na hau shi da rani, ashe gaba ɗayansa tarkacen gidajen da aka rusa ne aka tara, bishiyoyi suka fito akai.

A gefena a aji akwai wani bawan Allah ɗan Siriya, babban mutum ne zai kai shekara hamsin, mai yawan raha. Ana nuna wannan wajen sai naga ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu yana juya shi, bai ɗago ba har aka gama. Da muka fita shan shayi yace min unguwarsu a Halab haka take sak. Ban iya ce masa komai ba sai Allah ya kawo sauƙi.

Sai wajen da nasan zakaso, ƙwallo. 4 ga Yuli 1954 a birnin Bern na Suwizalan, wasan ƙarshe na kofin duniya, Jamus ta Yamma da Hangari ta su Puskas, wacce ta lallasa su 8-3 a zagayen farko na gasar. Minti takwas da farawa an zura ma Jamus biyu, ana ruwan sama, amma suka farke duka, sai Helmut Rahn ya ci ta uku saura minti shida a tashi. Shekara tara kacal bayan yaƙi. Har yau suna ce masa abin al'ajabi na Bern, kuma tsofaffinsu suna cewa ranar ce mutane suka fara ɗaga kai. Daga nan sai katanga, 13 ga Agusta 1961 aka wayi gari an ja waya ta raba gari biyu, har zuwa daren 9 ga Nuwamba 1989 da mutane suka hau kanta suna rungumar juna.

Baitocin a taƙaice suna cewa an raba mu, an ci mu da yaƙi, amma har yanzu muna nan da ranmu, daga toka muka fitar da zinari, sannan mawaƙin ya dawo yana tambaya su waye mu, kuma yanzu ina muka tsaya. Kuma ba haka kawai tambayar ta fito ba, a 2004 rashin aikin yi ya haura mutum miliyan huɗu, a biranen Gabas mutane suna fita zanga-zanga duk ranar Litinin saboda dokar rage tallafin marasa aiki da ake kira Hartz IV. Ran mutane a jagule yake lokacin. Shiyasa waƙar ta samu shiga har aka gayyace su suka yita a bikin gwamnati na 3 ga Oktoba 2005 a Potsdam tare da makaɗan Filmorchester Babelsberg.

To amma aboki ga inda zuciyata ta rabu biyu. Tun fitowarta wasu Jamusawan suka soke ta, suka ce labarin ya fara daga rushewar gari kamar musiba ce ta faɗo daga sama, bai faɗi wanda ya kunna wutar ba. Da farko naji kamar sun cika tsanani, waƙar minti huɗu ai bazata ɗauke komai ba. Sai ranar 9 ga wannan watan na Nuwamba ina dawowa daga aiki da daddare, a layinmu naga kyandir a ƙasa bakin ƙofar wani gida da farin fure guda ɗaya. Na tsaya. Wasu ƙananan faranti ne na tagulla da aka dasa a cikin daɓen hanya, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, kullum ina taka wajen ban taɓa sunkuyawa ba. Guda uku ne a jere, sunan gida ɗaya, an rubuta shekarar haihuwar kowa da shekarar da aka kwashe su da inda aka kashe su, ɗaya daga ciki da na lissafa yarinya ce ƙarama. Wani ya zo ya goge su suna ta ƙyalli. Ana ce musu Stolpersteine, wani mai zane Gunter Demnig ne ya fara dasa su. Ashe ranar da katanga ta faɗi ita ce kuma ranar da a 1938 ƴan Nazi, mutanen Hitler, suka bi dare suna ƙona wuraren ibadar Yahudawa da fasa shagunansu, abinda ya ƙare da kashe mutum miliyan shida. Na hau sama na sake kunna bidiyon, kuma gaskiya naji giɓin. Matan nan masu bokiti tausayinsu bai ragu a raina ba ko kaɗan, wahalarsu gaskiya ce, amma mutanen gidan nan uku suma ƴan garin ne, kuma babu su a cikin mu ɗin da ake rerawa.

Sannan akwai wasu. A shekarar da aka gina katanga, Oktoban 1961, Jamus ta Yamma ta sa hannu da Turkiyya aka fara kawo ma'aikata, su suka shiga masana'antu da ramukan kwal, jikokinsu ne yanzu cike da unguwannin Kreuzberg da Neukölln inda nake zuwa Juma'a in sayi nama. Gabas ma ta kawo nata daga Biyetnam da Mozambik. Zinarin da akace an fitar daga toka da hannunsu a ciki, waƙar bata ambace su ba. Na faɗa ma malama haka da guntun Jamusancina, tayi shiru sannan tace inzo da wannan maganar aji sati mai zuwa mu tattauna, yanzu haka ina ta haɗa jimlolin a littafi.

Duk da haka ban daina jinta ba, kuma bana jin zan daina. Da asuba in na fito zuwa jirgin ƙasa, hannu cikin aljihu, hazo na fita a baki, in amshin ya taso sai inji tsigar jikina ta tashi, in tuna gida, in tuna ku. Mutumin da yake tambayar su waye mu da gaske yake tambaya, ana ji a muryarsa bai da amsar, ni kuma nan ne take kama ni.

Zan turo maka ita ta WhatsApp anjima in na samu intanet mai ƙarfi, tare da fassarar da nayi da hannuna. Dan Allah karka ji ta a sifikar waya, ka sa ta a manyan sifikun situdiyo ko ka toshe kunne da iyafis, ka kalli bidiyon sau ɗaya ba tare da ka duba fassarar ba tukunna. Inaso ka gaya min yadda aka jera sautukan da suke ƙarƙashin muryar, kunnenka ya fi nawa kama irin wannan, kuma in zai yiwu ka gwada bin amshin da fiyanonka ka naɗo min inji.

Ka gaida Hajiya da kyau, kace mata ina mata addu'a. Ka gaida madam da yara da duk mutanen majalisa. Yajin da ka aiko ya kusa ƙarewa, in an samu mai tahowa kar ka manta dani.

Naka har kullum,
amininka na Berlin