Zuwa Ga Kwamishinan Tsare-tsare Da Kasafin Kuɗi Na Jihar Kaduna: Wace Lamba Ce "ID"?

Ranka ya daɗe, sallama da fatan alheri.

Mu masu aikin rumbun bayanai ne, kuma kukanmu guda ne: kowace ma'aikata tana raɗa wa guraben bayananta (wato wuraren da ake cike suna, lamba ko kwanan wata a fayil) sunan da ta ga dama, sannan a zo ana mamakin me ya hana su haɗuwa.

Dubi gurbin da ake rubuta wa "ID" kawai. NIN lambobi 11 ce, BVN 11, lambar waya ma 11 in an ƙirga sifirin farko. Wannan ofis NIN yake nufi, wancan BVN, kwamfuta kuwa ba boka ba ce. Da an haɗa fayilolin sai mutum ɗaya ya fito sau biyu a jerin masu tallafi, wani ya ɓace ɗungurungum. Ƙari a kan haka, Excel na ɗaukar lambar waya a matsayin adadi ya cinye sifirin farko, 0803 ya koma 803. Sai a tara ma'aikata suna gyara layi-layi da hannu. Wai zamani ke nan!

Maganin ba sabo ba ne. Kashi na 5 na ISO/IEC 11179, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan bayyana guraben bayanai, ya tsara sunan gurbi daga gaɓoɓi uku: abin da ake magana a kai, siffarsa, da yadda ake rubuta shi. Misali, PersonBirthDate ya faɗi mutum, haihuwa, kwanan wata. "Date" tsurarsa kuwa, ranar haihuwa ce ko ranar rajista? Kuma 03/04/2024 Maris ne ko Afrilu? Ƙa'idar rubuta kwanan wata ta ISO 8601 ta raba gardama: shekara, wata, rana.

Ƙananan hukumomi 23 ma lamba ya kamata kowace ta samu, don Jema'a da Jemaa garuruwa biyu ne a wurin na'ura. Batun ƙ da ɗ a sunayen mutane sai wata rana.

Ranka ya daɗe, a 2018 jihar nan ta shiga ƙawancen OGP (Open Government Partnership, na gwamnatocin da ke son gudanar da mulki a buɗe) da alkawarin buɗe bayanan gwamnati. Bayanin da ba a san ma'anar gurbinsa ba, me aka buɗe?

Don Allah a wallafa ƙamusun bayanai guda: suna, ma'ana, tsawo, da ofishin da ke da alhakin kowane gurbi. Duk ɗan kwangilar da ya kawo manhajar da ta saɓa masa, kada a sa hannu a biya shi.

Daga wasu ma'aikatan bayanai, Kaduna.