Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Noma Na Jihar Kaduna

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya taya riƙo.

Maganar zurma ce ta sa na rubuto maka, da asarar da manominta ke tafkawa a jihar nan alhali maganin abin yana hannun ma'aikatarka.

Ka san yadda lissafin yake. Mutum ya shuka da damina, ya jira wata 4 zuwa 6, ya sussuke, sannan ya zauna jiran dillalin da zai yanka masa farashin da ya ga dama. Kusan rabin ƙwayar mai ne, wanda masu sabulu da fenti da man inji ke nema, amma tana da guba, ko tunkuzarta ba a ba dabba. Mai masara in kasuwa ta ƙi sai ya ci abarsa. Mai zurma ba shi da wannan mafita, shi ya sa wanda ya sha wuya sau ɗaya ba ya komawa.

Abin da ke ci min rai shi ne ganyen. Muna kallo yana zuba yana ruɓewa, alhali a Indiya, wadda ta fi kowa noman zurma a duniya, da shi ake kiwon tsutsar siliki mai suna eri, musamman a jihar Assam. Binciken da suka yi ya nuna ana iya tsinke kusan rubu'in ganyen ba tare da ƙwayar ta ragu sosai ba. Tsutsar takan ci ganye na mako uku ko fiye kaɗan ta saƙa gidanta, wato kuɗi ya shigo gida tun kafin zurmar ta nuna, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Aikin cikin gida ne, mata za su iya da faifai da ɗaki mai iska. Kaɗa zaren ake yi kamar auduga, tsutsar da ke cikin gidan kuma ta zama abincin kaji da kifi. In zurma ta yi ƙaranci, ganyen rogo ma tana ci. Zafin bazara ne kawai ba ta so.

To ina manomin Soba ko Kauru zai samo ƙwan tsutsar mai lafiya? Wa zai koya masa? Nan ne aikin gwamnati, kuma nan ne muka ji shiru. Ga cibiyar binciken noma ta Samaru, ga malaman gona na KADA, hukumar bunƙasa noma ta jiharmu, ga masu ɗinkin hannu na birnin Zariya da suka san darajar zaren tsamiya, wato silikin gargajiya, tun kaka da kakanni. Don Allah, ranka ya daɗe, wa ake jira ya haɗa su?

A watan Afrilun 2025 an aza harsashin yankin sarrafa amfanin gona a Chikun, aka yi mana alkawarin za a riƙa sarrafa abin da muka noma a nan gida. Mun riƙe wannan magana. Mun kuma ga yadda cutar citta ta 2023 ta durƙusar da mutanen Kachia da Jaba da Kagarko saboda dogaro da amfani ɗaya.

Roƙona kaɗan ne: a ware ɗakin ƙyanƙyasar ƙwan tsutsar a Samaru, a gwada da ƙungiyoyin mata a ƙananan hukumomi biyu ko uku, a kuma samo mai matse mai da zai sa hannu kan farashi kafin mu zuba iri. Muna so mu ji amsarka kafin ruwan shuka ya sauka.

Wassalam.
Wani manomi daga Ƙaramar Hukumar Soba