A riƙa tambayar masu zaburar da matasa sana'ar da suke yi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan masu jawabin zaburar da matasa, waɗanda suka cika ɗakunan taro a Kano da Kaduna, suka kuma mamaye TikTok da Facebook.

Ba na musun amfaninsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, zuciyar matasa da yawa ta mutu. Wanda ya gama digiri, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida yana zaman kashe wando, yana bukatar mai dafa masa kafaɗa ya ce tashi ka nema. A unguwarmu akwai 'yan matan da suka fara haɗa turaren wuta da humra suna tallatawa a WhatsApp bayan irin wannan taro, kuma Allah ya sa wa abin albarka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake gutsure labari. Da wuya a tashi taro ba a kawo Aliko Dangote ba, a ce da ɗan ƙaramin jari ya fara. Ba a cika gaya wa yaran ba cewa tattaɓa-kunnen hamshaƙin attajirin Kano Alhassan Dantata ne, a gidan fatauci ya tashi, kuma rancen da ya soma kasuwanci da shi a 1977 daga hannun kawunsa ya fito. Wannan bai rage masa ƙoƙari ba ko kaɗan. Amma yaron da mahaifinsa ke tura baro, ya tara kuɗin tikiti da ƙyar, sai ya fito yana ganin lalacinsa ne kaɗai ya hana shi arziki. Irin wannan zafin zuciya ne ke jefa wasu hannun masu cewa zuba dubu goma ka kwashi ashirin. Harkar zuba kuɗi ta MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, takwararta CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma da zaƙin baki aka ja mutane duka biyun.

Ku leƙa kasuwar Kantin Kwari a Kano ku ga yadda ake koyon sana'a. Yaron shago zai yi shekaru yana sauke dila, yana koyon bambanta shadda da hannu, yana gane wanda za a ba bashi da wanda za a ba haƙuri. Ranar sallama ubangidansa ya ba shi jari ko kaya bashi, ya haɗa shi da abokan ciniki. Haka masu gyaran waya a Farm Centre suke yaye yaransu.

Roƙona, Malam Edita, duk mai jawabin da za ku yi hira da shi ku tambaye shi wace sana'a yake yi bayan magana, ina ya samu jari, yara nawa ya yaye. Ku kuma ba irin waɗannan iyayen gida na kasuwa shafi ko sau ɗaya a mako, su bayyana yadda suka fara da asarar da suka tafka a hanya.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Fagge, Kano