A dawo mana da kiɗan 808 a filin tsofaffin waƙoƙi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki ya jama'a. Ni mai sauraron tasharku ne shekara da shekaru, musamman filin tsofaffin waƙoƙin ƙasashen waje na daren Asabar, amma makon jiya mai gabatarwa ya faɗi wata magana da ta tsaya min a rai, wai kiɗan na'ura da ya fito farkon shekarun 1980 ba kiɗa bane, malalata ne kawai suka danna maɓalli inji ya yi musu aiki, daga nan ya tsallake zamanin gaba ɗaya ya koma kan masu jita. Gaskiya raina bai so ba, shi yasa nace bari in rubuto.

Mu da muka taso a Kaduna lokacin mun san abin da kiɗan nan ya yi mana. Yayana ne ya fara kawo kaset ɗin gida, wani abokinsa ya kwafa masa, ko suna babu a jiki. Rediyonmu mai cin batir shida ce, in batir ya yi sanyi mu shanya a rana, kaset kuma da biro muke juya shi don kar mu ƙona batir wajen mayar da shi baya. Sai mu samo kwalin firji a shago mu shimfiɗa a ƙofar gida bayan la'asar ana birekdans, wani na juyi da baya wani na tafiya kamar mutum-mutumi, gwiwar wando duk ta cinye. Abin da ya kama mu shine ƙarar gangar nan mai zurfi, dummm, wadda ba ta yankewa nan take sai ta ja kamar an daki babban tambari, har murfin sifika ka ga yana rawa, ga kuma muryar da aka bi da ita ta cikin na'ura tana fita kamar ƙarfe ne ke magana. Ba mu san sunan komai ba lokacin, sai da na girma na bi diddigi.

Ashe wata 'yar akwati ce mai fitar da sautin ganga, Roland TR-808, kamfanin Japan ya fito da ita a 1980 ya daina yinta a 1983, duka-duka wajen 12,000 aka ƙera. Kuma wallahi da farko ba ta yi kasuwa ba, manyan makaɗa sun raina ta don sautinta bai yi kama da gangar gaske ba, ita ba ɗaukar sautin ganga aka yi aka zuba mata ba, da lantarki take ƙirƙirar nata. Kuɗinta dala 1,195 alhali wata na'urar, Linn, mai sautin gangar gaske ta kai wajen dala dubu biyar, to da aka daina yinta ta faɗo kasuwar gwanjo da araha sai ta shiga hannun yaran unguwa da ba su da halin ɗaukar makaɗa ko biyan babban situdiyo. Abin da masu kuɗi suka yar shi talaka ya ɗauka ya gina gida da shi.

A 1982 Afrika Bambaataa na unguwar Bronx a New York da ƙungiyarsa Soulsonic Force suka fitar da Planet Rock, Arthur Baker ya haɗa, John Robie na kan kibod. Karin suka ɗauko daga Kraftwerk, wasu Jamusawa 'yan Dusseldorf, har sai da aka sasanta aka biya su daga baya. Ka duba fa, baƙaƙen fata na Amurka, karin Jamus, injin Japan, kafin ka ce kwabo abin ya iso har layinmu. Shekara ɗaya bayan nan Herbie Hancock, wanda duk duniyar jaz ta san gwanin fiyano ne tun zamanin da yake tare da shahararren mai busa ƙaho Miles Davis, ya yi Rockit da irin wannan salon har ya ci lambar yabo ta Grammy. Shi ma malalaci ne kenan?

Maganar danna maɓalli kuwa, dan Allah mai gabatarwa ya gwada, yanzu akwai manhajar 808 a waya. Maɓallai 16 ne a jere, ja, ruwan lemo, rawaya da fari, kai zaka zaɓi inda babbar ganga zata faɗi, inda tafi zai shigo, inda zaka bar gurbi shiru, in kunnenka bai iya ba abin da zai fito ko yaro ba zai taka ba. Kamar kalangu ne, kowa zai iya rataya shi a hammata amma ba kowa ke sa shi magana ba.

Kuma mu nan ba baƙin abin bane. A Nijar Mamman Sani ya naɗi kiɗansa da ogan na lantarki tun 1978, rediyo da talabijin na ƙasar suka yi ta sa shi tsakanin shirye-shirye, a Enugu ga William Onyeabor da nasa na'urorin. Yau kuma ka shiga kowane situdiyo a Kano ko Jos, yaran da ke hip hop ɗin Hausa zaka ji suna cewa a ƙara 808, da yawansu sun ɗauka sunan bes, wato sautin nan mai zurfi, ne kawai basu san akwati bace da ta girme su.

Roƙona Malam Edita, a ware ko rabin awa ne sau ɗaya a wata a sa waƙoƙin 1982 zuwa 1985, a ɗan yi bayanin su waye da kuma da me suka yi, a buɗe layi mu kira. Har yanzu ina da kaset uku a akwati, ɗaya ma da salatif na liƙe inda ya tsinke, in kuna so zan kawo har ofis da kaina.

Nagode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Tudun Wada, Kaduna