Akwatin birki sai da majingina: kira ga masu jan ƙaramar mota a bayan motar gida

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni direban tirela ne a nan Amurka, ina zaune a Columbus ta jihar Ohio da iyalina, kuma abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan shi ne na ga 'yan uwanmu da yawa a nan sun fara sayen motar gida, wadda ake ce wa RV, mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, musamman masu yara da yawa da kuɗin otal ke karya su lokacin hutu. To ita wannan mota in ka isa masauki ba za ka riƙa tada ta don zuwa sayen burodi ko masallacin Juma'a ba, shi ya sa ake ɗaura mata ƙaramar mota a baya da ƙarfen ja, tayoyinta huɗu a ƙasa tana bi, babu kowa a ciki. Jeep Wrangler aka fi ja, sai Honda CR-V ta 2014 zuwa ƙasa.

Babu kowa a ciki ɗin nan shi ne maganar. Ni a yaron mota na fara a Kano, kuma duk wanda ya taɓa zama a sitiyarin motar da ake ja da igiya ya san aikin, idonka na kan jan wutar ta gaba ƙafarka na kan birki, tana takawa kana takawa. A nan a jihohi da yawa doka ba ta barin mutum ya zauna a motar da ake ja, sai aka ƙera wani akwati kamar girman ƙaramar kula, ana ajiye shi a ƙasa gaban kujerar direba, yana da hannu na ƙarfe da ake maƙalawa a fedar birki, a jona shi a soket ɗin wuta na cikin mota. In babbar mota ta rage gudu sai ya ji a jikinsa ya miƙa hannun ya taka. Akwai Brake Buddy mai aiki da iska, akwai Blue Ox Patriot mai aiki da lantarki zalla, akwai RVi, da wasu. Kuma ba ado ba ne, jihohi da yawa dokarsu ta ce abin da kake ja in ya haura fam 3,000, wato kilo 1,360 ke nan, dole ya zama da nasa birkin, wasu jihohin adadin ya fi haka wasu bai kai ba, kuma jif mai ƙofa huɗu ta haura fam 4,000.

Abin da mai sayar mini da nawa na hannu bai tsaya ya nuna mini ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne akwatin nan in ya tura feda gaba to shi ma ƙarfin yana tura shi baya daidai wa daida. In bayansa bai jingina da abu mai ƙarfi ba to shi zai ja da baya fedar tana nan inda take.

Bara da hutun yara muka kama hanyar I-70 daga Columbus, mu wuce Indiyanafolis, San Luwis, Kansas, har Danba ta jihar Kolorado, sama da mil 1,200 duk shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ban ji komai ba don a fili birkin babbar motar ya ishe ta. Daga Danba aka fara hawa har ramin Eisenhower da aka fasa cikin dutse, tsayinsa daga teku wajen mita 3,400, kana fitowa daga ramin sai gangara ta miƙe zuwa Silverthorne, gangaren da ke kai kashi 7 cikin 100, mil kusan bakwai, a gefen hanya ga hanyoyin tsakuwa da aka yi wa manyan motocin da birki ya tsinke musu. Na san hanyar nan da tirela, na sauke giya tun daga sama kamar yadda aka saba, amma duk takawar da zan yi sai in ji kamar wani ya sa kafaɗa yana ture ni daga baya, ga ɗan allon da ke gabana yana haska cewa akwati na aiki, ga ƙafata tana gaya mini ba haka ba ne. Uwar yara ta ce Baban Abba lafiya kuwa na ji ƙauri, nace kowa ya zauna ya ɗaura bel, a yi ta salati. Wallahi Malam Edita na yi shekaru ina tuƙi amma ranar tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, don wannan karon ba kayan kamfani ne a bayana ba, 'ya'yana ne huɗu.

Allah ya sauke mu lafiya. Na faka a wani gidan mai na zagaya na buɗe ƙofar jif ɗin, sai ga akwatin ya karkace gefe, ƙafarsa ɗaya ta hau kan tabarmar roba da ta naɗe a ƙarƙashinsa, tsakanin bayansa da kujera kuwa hannuna ya shige har wuyan hannu. Hannun ƙarfen yana maƙale da feda lafiya lau, wuta na kunne, komai kore. Yana ta miƙa hannu yana turawa amma kansa yake turawa.

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko tabarmar nan ta roba da muke sawa don dusar ƙanƙara, santsi gare ta a kan kafet. Na biyu kuma shi ne wanda nake so kowa ya ji, kujerar jif ɗin ta lantarki ce, irin mai ja da baya da kanta in ka kashe mota ka buɗe ƙofa don ka samu sararin fita. Ni kuma da safe na daidaita akwatin mota na kunne, na matso da kujera ta tokare shi, na kashe na fita na rufe ƙofa ban waiwaya ba, ashe ina fita kujerar ta yi tafiyarta. Allon da ke gabana kuwa motsin hannun akwatin kawai yake nunawa, bai san ko birki ya kama ko bai kama ba.

Wani dattijo Bature da muka yi maƙwabtaka a sansanin da muka kwana, wanda yace ya fi shekara ashirin yana jan mota, shi ya durƙusa da tocila a bakinsa ya nuna mini. Yace kar ka dogara da katifar kujera ko da ba ta motsa ba, soso ne, rabin ƙarfin a cikinsa yake nutsewa. Ya ɗauko guntun katako mai kauri daga akwatin kayan aikinsa muka yanka daidai faɗin, muka tokara shi da ƙafafun ƙarfen kujera waɗanda aka ɗaure da noti a jikin mota, akwatin ya jingina da katakon. Ƙarfen nan ba ya zuwa ko'ina ko kujera ta yi gaba ko ta yi baya. Wasu kamfanonin ma suna sayar da farantin ƙarfe da ake ɗaurewa a notin kujera don wannan aikin, in za ka sa shi a mayar da notin da ƙarfinsa don shi ke riƙe kujerarka ranar hatsari. Tabarmar roba kuma muka cire ta gaba ɗaya ta koma but, na shiga saitin mota na kashe ja da bayan kujerar nan, na ƙara da ɗan bel na zagaye akwatin da ƙafar kujera saboda ramuka da kwana kar ya yi tsalle ya karkace, don na'urar da ke jin rage gudu a cikinsa tana son ya zauna daram.

Amma dattijon ya ja mini kunne a kan ɗaya gefen, kuma gaskiya shi ya fi ba ni tsoro. In ka matse akwatin da yawa ya zama yana ɗan danne feda ko da kaɗan ne, to birki zai riƙa gogawa duk tsawon tafiya, kai kuma kana gaba da babban inji ba za ka ji ba, sai dai wani ya zo gefenka yana danna hon yana nuna maka hayaƙi, birki ya ƙone taya ta fashe, wani lokacin har gobara. Shi ya sa bayan an gama saiti sai mutum ya zagaya baya ya duba jan wutar birkin ƙaramar motar, in tana kunne to feda ba ta dawo ba, a sassauta. Ni yanzu har waya na sa bakanike ya ja mini daga makunnin wutar birkin jif ɗin zuwa ɗan ƙwai a gabana, in feda ta motsa da gaske ya kama in ta saki ya mutu, wannan shi ne shaidar da na yarda da ita.

Sai maganar da duk tsohon yaron mota zai gane. In inji na kashe takawar farko da ta biyu birki na da laushi saboda ragowar iskar da ke cikin tulun da ke taimaka masa, daga nan sai feda ta yi tauri kamar dutse. Irin waɗannan akwatunan da taurin feda aka auna ƙarfinsu, saboda haka dole a taka sau uku zuwa biyar a zubar da ragowar nan kafin a tashi, yawancinsu suna yi da kansu in ka danna maɓallin saiti. In ka tsaya a hanya ka tada injin ƙaramar motar, don wasu littafinsu ya ce a tada bayan wasu awoyi saboda man giya ya zagaya, to iskar ta dawo, sai ka sake saitin daga farko, in ba haka ba takawar farko zai danne da ƙarfin da tayoyi za su ƙulle su ja ƙasa. Batir ma a kula, akwatin a jikinsa yake shan wuta, tafiyar yini guda tana iya shanye shi, gara a ja wayar caji daga babbar mota, kuma a tabbatar soket ɗin ba irin mai mutuwa in an zare makulli ba ne. Siririyar wayar nan ta ko-ta-kwana kuma, wadda in mota ta tsinke take fizge fil akwati ya danne birki, a jikin babbar mota ake ɗaura ta ba a jikin ƙarfen ja ba, don in ƙarfen ne ya cire tare za su tafi.

Wasu za su ce ai gara a saka na dindindin da ake ɓoyewa ƙarƙashin kujera ko cikin bonet, irin su InvisiBrake da Stay-IN-Play, ka huta da ɗauka da ajiyewa. Na yarda sun fi kwanciyar hankali, in Allah ya hore ni ma can na nufa, amma da kuɗin saye da na ɗaurawa ba kowa ke da shi ba, kuma mai canza mota akai-akai akwatin ya fi masa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da na ji wani ɗan uwa ya faɗa a wajen wani suna, wai shi ya saya ne kawai saboda 'yan sanda da inshora, yana jefa shi gaban kujera ya tafi. Alhaji in kana karanta wannan, dan girman Allah ka durƙusa ka duba bayan akwatinka da me ya jingina.

Ni dai yanzu duk inda muka tsaya, shan mai ne ko sallah, kafin mu tashi sai na buɗe ƙofar jif na sa hannu na girgiza akwatin, na danna gwaji na ga feda ta nutsa ta dawo, Abba yana tsaye a baya yana gaya mini wuta ta kama, wuta ta mutu, sannan in kai bayan hannuna kusa da kowace taya in ji ko akwai zafin da bai dace ba. Bai fi minti uku ba. Ina roƙon a buga wannan kafin hutun watan Yuni, don na san aƙalla gida uku a unguwarmu da ke shirin kama hanyar Kolorado bana.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karatunku,
daga Columbus, jihar Ohio, Amurka