Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Karatun Kimiyya Da Fasaha Ga 'Yan Matan Ƙauyukanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu iyaye maza da mata tare da malaman makarantun ƙauyukan da ke ƙarƙashin kulawarka mun zo da kuka guda. 'Ya'yanmu mata na zuwa makaranta yanzu fiye da da, wannan kam mun gode wa Allah. Amma hanyarsu ta zuwa kimiyya a toshe take, kuma mun san daidai inda take toshewa.

Tana toshewa ne a ƙarshen ƙaramar sakandare, lokacin da ake ware masu shiga ajin kimiyya. Makarantar da ke kusa da gida sau da yawa ba ta da malamin fiziks ko na kemistiri, don haka ajin ma babu shi. Idan yaro namiji ne, sai a tura shi birni ya zauna wajen ɗan uwa, ko ya riƙa hawa keke zuwa makaranta mai nisa. Yarinya fa? Babu uban da hankalinsa zai kwanta 'yarsa tana ratsa daji ita kaɗai safe da yamma, kuma ba mu ga laifinsa ba. Sai ta karɓi abin da ta samu a kusa ko ta zauna a gida, alhali watakila ita ce ta fi kowa lissafi a ajinsu.

Inda aka yi sa'a akwai ajin, a zo a ga yadda ake karatun. Malami ya zana madubin likita a allo da alli, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane sashe, yara su kwafa. Yarinya ta haddace cewa takardar litmus shuɗiya tana komawa ja idan aka tsoma ta cikin asid, amma idonta bai taɓa ganin takardar ba. Ranar jarrabawar gwaji ce ranar farko da za ta riƙe kwalbar awo, hannunta na rawa. Kwamfuta ma haka, a allo ake zana ta. Malaman nan suna iya bakin ƙoƙarinsu, kayan aiki ne babu.

Allah ya ja zamaninka, asarar ba ta yarinyar ce kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 287,000 ne suka rasu sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara suke. Makarantar koyon aikin jinya da ungozoma ba ta ɗaukar wadda ba ta ci darussan kimiyya ba. Ma'aikaciyar da aka turo daga birni takan nemi a mayar da ita da zarar ta samu dama, amma 'yar ƙauyen da ta yi karatu gida ta dawo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ungozomar da muke nema tana zaune yanzu haka a ajin da babu malamin kemistiri.

Wasu kan ce kimiyya ta fi ƙarfin mata. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha a yau, wanda ake haɗawa da sinadarin artemisinin, mace ce 'yar China mai suna Tu Youyou ta jagoranci gano shi, har aka ba ta lambar Nobel a 2015. Wangari Maathai kuwa a ƙauye ta tashi a Kenya, ta karanci kimiyyar halittu, a 1971 ta zama mace ta farko a gabashi da tsakiyar Afirka da ta samu digiri na uku. Duk da haka hukumar UNESCO ta ce mata ba su wuce kusan ɗaya cikin uku na masu binciken kimiyya a duniya ba.

Babban roƙonmu shi ne ka kai maganarmu ga hukumar ilimi a turo malaman fiziks, kemistiri, bayoloji da lissafi, a kuma yi ƙoƙari a samu mata a cikinsu, domin yarinya na son ta ga irinta a gaban allo. Malami ba ya zama inda ba shi da wurin kwana, saboda haka a haɗa da masauki. Ba mu ce sai an gina katafaren ɗakin gwaje-gwaje ba. Akwatin kayan gwaji da madubin likita ko guda biyu ne sun isa a fara, sannan a kafa farantan hasken rana da za su kunna 'yan kwamfutoci. Ga ƙauyuka mafi nisa kuma, muna roƙon ɗakin kwana na 'yan mata mai katanga da uwar ɗaki, ko abin hawa amintacce.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar ko sisi, wato maganarka. Idan ka tara dagatai da masu unguwanni da malaman addini ka ce a bar yarinya ta kammala sakandare, iyaye da yawa za su ji. A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin ba da fili da aikin gayya wajen gini, da gadin kayan da aka kawo.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Fabrairu tun 2015 a matsayin ranar mata da 'yan mata a fannin kimiyya. Muna roƙon ka ba wakilanmu lokaci su zo gabanka da jerin makarantun da abin ya shafa, don a ranar nan mai zuwa a samu ko makaranta ɗaya da ta buɗe ajin kimiyya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, amin.

Naka masu biyayya,
Iyaye da malaman makarantun ƙauyukan gundumarka