A sanya kariyar lebura cikin takardar kwangila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku mai farin jini domin in jawo hankalin gwamnatin Jihar Zamfara ga lafiyar leburori da birkiloli da masu walda, waɗanda da guminsu ne ake shimfiɗa tituna da ɗora gine-gine a Gusau da sauran garuruwanmu.

Duk wanda ya tsaya inda ake zuba dakin, wato rufin kankare na bene, zai ga matasa suna hawa tsanin katako da kwanon kankare a ka, ba hular kwano, ba igiyar da za ta riƙe wanda santsi ya kwasa, wasu da silifa, wasu kuma sun naɗe ƙafafunsu da leda da tsumma saboda sun san ɗanyen siminti yana cin fata. Idan mutum ya faɗo, sai a kai shi wurin mai ɗori, ɗan kwangila ya ba da abin da ya sawwaƙa, a ce ƙaddara ce, washegari a ɗauko wani a bakin titi. Ƙaddara gaskiya ce, amma malamanmu sun karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Abin da leburori da yawa ba su sani ba shi ne doka tana tare da su. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, hukumar tarayya mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, daga aljihunsa, ba tare da ya cire ko kwabo daga ladan ma'aikaci ba. Ta kuma ce ya sanar da hukumar cikin kwana 7 idan wani ya ji rauni. Mafi muhimmanci, dokar ba ta tsaya ga masu albashin wata ba, domin ta haɗa har da ɗan koyo da wanda aka ɗauka aikin wucin gadi. Matsalar ita ce leburan da aka ɗauka da baki, aka sallame shi da yamma, ba sunansa a kowace takarda, kuma wanda ba a rubuta ba yana da wuya ya tabbatar da cewa ya taɓa aiki a wurin.

Mu mutanen Zamfara bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan illar sakaci a wurin aiki ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a bushe har cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Ƙauyen Bagega da ke Anka kuwa sai a 2013 aka kwashe masa gurɓatacciyar ƙasa. Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a Disambar 2024, ya zama dole a tabbatar ana niƙa da ruwa, nesa da gari, ma'aikaci kuma ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya koma gida.

Na san binciken masana'antu da ma'adinai aikin tarayya ne, amma gwamnatin jiha ita ce babbar mai ba da kwangila a nan, kuma wanda ke biya shi ake saurare. Don haka ina roƙon a rubuta a kowace takardar kwangila cewa kamfani zai ba kowane ma'aikaci hular kwano da takalmin kariya da safar hannu, masu walda gilashin ido, zai ajiye akwatin taimakon gaggawa, zai kuma riƙe rajistar sunayen duk waɗanda suka yi aiki a kowace rana, har da na ƙananan 'yan kwangilar da ya raba wa aikin. Injiniyan ma'aikatar ayyuka da ke sa hannu kafin a biya kuɗi ya duba wannan rajista da shaidar biyan NSITF kamar yadda yake duba kaurin rodi, idan babu su kuma, a riƙe kuɗin har sai an kawo.

Wassalam.

Wani mai karatu,
Tudun Wada, Gusau